Lagireton bakin mai a tsohuwar Triumph Spitfire: a sa ko kada a sa, kuma yaya ake ɗaura shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mini Triumph Spitfire 1500 ƙirar 1977, mai sitiyari a hagu da giya huɗu. Cikin garin Maraɗi lafiya lau take. Amma tun da bazara ta kama, in na je Tasawa na dawo, da na tsaya a bakin gari sai jar fitilar mai ta riƙa ƙyaftawa, alhali allurar ruwa ba ta kai ja ba. Wani bakanike ya ce a ɗaura mata ƙaramin lagireto na bakin mai, har ya nuna mini wani da aka ciro daga giyar wata jif mai otomatik. In yarda? In kuma za a sa, yaya ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Bakaniken naka bai yi ƙarya ba da ya ce wannan inji yana son a sanyaya masa mai a irin zafin garin nan. Sai dai wancan da ya nuna maka kada ka bari ya kusanci motar, kuma ko sabo ne fil aka kawo, kada a ɗora sifana sai an auna abu biyu. Jar fitilar nan ba zancen zafi take yi maka ba. Cewa take yi ƙarfin mai ya faɗi ƙasa warwas, don ba ta kamawa sai ya sauka ƙasa da rabin bar, ma'aunin da ake auna ƙarfin mai da shi. Zafi na jawo haka, cinyewar metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, ma na jawowa, kuma lagireton mai na farkon kaɗai yake magani.

Ka fara sanin halin injin da ka gada. Kamfanin Triumph na Ingila ya fara Spitfire a 1962 da ɗan inji mai cc 1147, ya kai shi 1296, daga baya ya kai shi 1493 a irin taka, wadda aka daina ƙerawa a 1980. Wannan ƙari na ƙarshe ba faɗaɗa silinda aka yi ba, tsawon tafiyar fistin aka ƙara daga milimita 76 zuwa 87.5, karanshaf kuma yana nan zaune kan manyan metal uku kamar da. Sai ya zama inji mai ƙarfin ja tun daga ƙasa, amma ba ya son a riƙe shi a sama a daɗe. Taka da ba ta da ƙarin giyar nan ta obadirayib, in tana kilomita 100 a awa injin yana juyi kusan 3,500 a minti. Ka riƙe shi haka daga Tasawa, ka wuce Gazawa da Agye da Cadawa, a watan Afrilu da inuwa kanta ke haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba. Waɗanda suka zana motar suna ƙasar da in zafi ya kai 30 sai ya zama abin labari.

Shi ruwan lagireto kan silinda da jikin bulok yake sanyayawa. Zafin metal da na ƙarƙashin fistin bakin mai ne ke kwasa, kuma ba shi da wurin zubar da shi sai jikin kartar, kwanon nan na ƙarƙashin inji, da ɗan abin da iska ta ɗauka. Shi ya sa allurar ruwa za ta zauna tsakiya cikin natsuwa, mai kuwa ya kai 125 ya tsinke.

To, awo. Na farko agogon ƙarfin mai, irin mai siririn bututu. Ana kwance makunnin jar fitilar a gefen hagu na bulok, a sa mahaɗa mai baki biyu, makunnin ya hau ɗaya daga cikinsu, agogo ya hau ɗayan. Wannan ko ba za ka sa lagireto ba ya kamata a ce motar tana da shi. Na biyu zafin man. In ka samu agogon da ake dasa kansa a notin zubar da mai, madalla. In ba ka samu ba, aro ƴar bindigar auna zafi wurin masu gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki, ba irin ta goshi ta zamanin korona ba, don ita ba ta kai can. Zuba sabon mai 20W-50 na kirki da sabuwar filta, ka fita da azahar ta hanyar Gidan Runji, ka yi rabin awa kana gudun da ka saba, ka tsaya gefe, kada ka kashe inji, ka durƙusa ka harba hasken a ƙasan kartar. Abin da ka gani ka ɗora masa digiri kaɗan, don fatar ƙarfen ta fi man cikinta sanyi.

Ga yadda za ka karanta. Bakin mai yana jin daɗin aiki tsakanin digiri 85 zuwa 105. In ya riƙa haura 115, ya doshi 120, man gargajiya irin wanda waɗannan injuna ke sha yana saurin ƙonewa, kaurinsa ya tafi. Inji mai lafiya irin naka, da zafinsa, a juyi 2,000 ya kamata agogo ya nuna wajen bar 3 zuwa 4, a tsaye kuma kada ya gaza bar 1. In ka tarar da mai 90 ko 95 yana ba ka waɗannan lambobi, sai da ya hau 120 suka zube, to zafi ne, lagireto zai yi maka aiki. In kuwa tun mai yana 90 allura ke kwanciya a tsaye, tana kasa kai bar 2 a kan hanya, metal ne suka ci ko famfon mai ya gaji, kuma kuɗin lagireton gara ka kai su can.

Akwai shaida ta uku, ba ta cin ko dala. Tsohuwar filtar da ka cire, yanka gwangwaninta da almakashin kwano, ba da zarto ba, don zarto zai zuba nasa garin ƙarfen ya ruɗa ka. Ciro takardar, matse man, buɗe ninkin ɗaya bayan ɗaya a cikin rana. Baƙin dauɗa ba komai ba ne. Amma in ka ga ƴan ƙyalƙyali ja-ja irin na tagulla sun kwanta a gindin ninkin, farin saman metal ya riga ya tafi. A nan sai a sauke kartar a duba metal, a auna karanshaf. Tunda an buɗe, a duba zobban da ke hana karanshaf zamewa gaba da baya, don a injunan Triumph in sun ci sukan faɗo cikin kartar, bulok ya tafi a banza.

Wani zai ce maka a cusa washa bayan sifirin ɗin bawul mai rage ƙarfin mai. Kada ka yarda. Wannan bawul iyakar sama kawai yake tsarewa, lokacin da mai ke da sanyi ko inji ke sama. A tsaye da zafi a rufe yake ruf, ko washa goma ka sa fitila ba za ta daina ƙyaftawa ba. Maganin kaurara mai na gwangwani shi ma rufa-rufa ne.

Kafin a ɗora wa mai laifi duka, a tabbata tayimin daidai yake, kafireto biyun nan ƙirar SU ba su tauye wa inji fetur ba, lagireton ruwa bai toshe da gishirin ruwan rijiya ba, kuma allunan da ke gefensa masu tura iska cikinsa suna nan, don su ake fara yarwa a garaji. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya in ya sa inji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa, shi ma zafi yake ƙarawa.

Mu ɗauka awo ya nuna zafi ne. Abin da za a saya huɗu ne: faifan da ke shiga tsakanin bulok da filta, lagireton kansa, tiyo biyu da kawunansu, sai ƙarfen ɗaurewa. Yadda abin ke aiki, mai na fitowa daga famfo, faifan ya karkatar da shi waje zuwa lagireto, ya dawo ya shiga filta, sannan ya wuce cikin inji. Ka lura da abin da wannan ke nufi. Duk ɗigon man da zai je metal sai ya fita daga inji ya bi tiyo biyu da mahaɗa huɗu tukuna. Da can ba shi da hanyar tserewa, yanzu ka buɗe masa. Man injin nan duka lita huɗu da rabi ne, in tiyo ya fice kana gudu famfo zai watsar da shi kan kwalta kafin ka gama tunanin me ya faru. Don haka ni a wannan aiki ba lagireton nake tsoro ba, tiyo da ɗauri nake tsoro.

Faifan ka nemi mai tamostat a ciki, wanda ke buɗewa wajen digiri 80. Na san mu nan ba mu da abokin gaba kamar tamostat, mota na shigowa daga Kwatano abin da ake fara cirewa ke nan. Amma ka tuna da safiyar Disamba da Janairu, da zafi ke sauka wajen digiri 15, ka tashi motar daga unguwar Zariya zuwa babbar kasuwa ka kashe. In mai na bi ta lagireto tun daga tashi, ba zai taɓa yin zafin da zai kori raɓa da fetur ɗin da kafireto ke zubo masa ba. Sai ya tsinke ta wata hanyar, ya yi farar kumfa a murfi. Ga shi 20W-50 da sanyi kauri gare shi, tura shi cikin ƴan siraran hanyoyin lagireto na jinkirta isarsa metal a daidai lokacin da suka fi bukata. Mocal ta Ingila na yin irin wannan faifai, kuma masu sayar da kayan Triumph a Ingila da Faransa suna haɗa shi da dogon notin tsakiya da ya dace da bulok ɗinka.

Wannan noti ka kula da shi. Tiredin filta iri biyu ne suka cika kasuwa, na inci mai 3/4-16 da na milimita mai M20×1.5. Bambancin kaurinsu bai kai milimita ɗaya ba. Filtar M20 za ta hau notin 3/4 ta yi ta juyawa kamar ta gaske, har ta kama roba. Amma kafin ta kama, girgiza ta da hannu, za ka ji tana rawa. Irin wannan ce ke tsallake tiredi ta fice da safe in ƙarfin mai ya hau. Je da notin kanti a gwada a gabanka. Filtar kuma ta zama mai robar hana mai komawa, don a Spitfire a karkace take zaune, in babu robar man na tsiyayewa da dare, da safe ka ji inji na ƙwanƙwasa kafin fitila ta mutu. Faifan zai turo filta waje da kamar santimita 3, ga sandar sitiyarinka a wannan gefen take, wataƙila sai ka koma gajeriyar filta.

Yanzu wancan na jif. Lagireton man giya an yi shi ne don mai tsinkakke da ke bi ta siririn bututu. Bakinsa ƙarami ne, zai shaƙe injinka, ƙarfin mai ya ragu maimakon ya ƙaru. Wannan ɗaya. Na biyu, ko na inji ne na gaske, na hannu ba abin saye ba ne. Man da ke shiga lagireto bai riga ya bi filta ba, saboda haka in injin da aka ciro shi ya buga, garin metal ɗinsa na maƙale a lungunan ciki, kuma babu fetur ko iskar da za ta fitar da shi duka. Sai ya ji zafi da girgiza ya riƙa saki kaɗan-kaɗan. Motar da ta kai ga a farke ta a sayar da kayanta a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, wa zai ba ka tarihin injinta? Sayi sabo na alminiyam, Setrab ta Suwidin ko Mocal ko mai kama da su, mai layi 13, faɗin saƙarsa milimita 235. A Turai mai layi 10 na isar wannan inji, a nan 13 ne daidai. Mai 19 zai tare wa lagireton ruwa iska, ka gyara mai ka ɓata ruwa.

Akwai kuma irin wanda ke zaune ƙarƙashin filta yana sanyaya mai da ruwan inji, kamar na Peugeot da Volkswagen masu gazuwal. Dabara ce mai kyau, ba tiyon mai a waje. Sai dai zafin duka kan lagireton ruwa yake juyewa, na Spitfire 1500 kuwa ɗan tsuke ne, da ƙyar yake riƙe nasa. Ban ba ka shawararsa ba sai in ka canza zuwa mai faɗi.

Wurin zama. Turawa da yawa suna rataye shi can ƙasa tsakanin ƙafafun shasi, inda iska ta fi sanyi. Hanyarsu ce ta ba su dama. Tsakanin cikin motar nan da ƙasa bai wuce santimita 13 ba, ga tudun rage gudu a kowane gari, ga tsakuwar da manyan motoci ke watsowa, ga laka da damina. Ɗora shi gaban lagireton ruwa, sama da shasi, kusa da shi sosai amma kada su taɓa juna, kamar kaurin yatsa, yadda fanka za ta ja iska ta cikinsu duka biyu in kana tsaye. Mai walda ya lanƙwasa maka ƙarfe mai kauri milimita 3, a ɗaure shi da noti a jikin shasi, lagireton kuma ya zauna kan roba a kusurwa huɗu, sama da ƙasa. In aka kama shi ta ƙasa kawai, kansa zai yi ta lilo har alminiyam ya tsage. Kada a soka igiyar roba ta cikin saƙar lagireton ruwa a rataye shi, tana yanka bututu. Bakunansa su kalli sama. In wuri ya tilasta a kwantar da shi ta gefe, mai ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama, don iska kada ta maƙale. Kuma ka tuna murfin injin Spitfire gaba ɗaya yake kifawa gaba har da fitilu, sai a buɗe a rufe a hankali a ga ba abin da ya taɓa kafin a huda ko rami ɗaya.

Tiyo shi ne inda ake yin ganganci. Ramin cikinsa kada ya gaza rabin inci, wato kusan milimita 13. Ba tiyon ruwa ba, ba na fetur ba, ba na gas ba. Masu matse tiyon katafila da tirakta za su iya yi maka, amma karanta rubutun jikin tiyon da idonka. Yawancin nasu ƙarfi suke ɗauka mai yawa, zafi kuwa a digiri 100 suka tsaya, kai kuma mai ɗaukar 135 zuwa 150 kake nema. Tiyo mai waya biyu a ciki ya yi tauri ainun, girgizar inji zai kai wa wuyan lagireto har ya karye shi. Mai saƙar zare ya fi. Leƙa cikin kan ƙarfen da za a matse, don wasu raminsu ya fi na tiyon ƙanƙanta sosai, nan ma shaƙewa ce. Inda ake bukatar kwana a sa kai mai lanƙwasa a hankali, ba mai kusurwa ba. Kawunan su zama dangi ɗaya da bakin lagireto: na BSP bakinsa digiri 60 ne, na AN digiri 37, suna iya kama juna a tiredi amma ba sa rufewa, kuma farin tef na masu famfo ba ya gyara wannan, guntunsa ma cikin inji zai tafi. In kan ƙarfen irin wanda ake cusawa cikin tiyo ne, ya zama mai ƙaya, a ɗaure da maɗauri biyu.

Kada a yanka tiyo sai an gwada hanyar da igiya ko tsohuwar wayar lantarki. Sa'arka ɗaya, salansa da kafireto suna dama, filta na hagu, tiyo ba zai bi kusa da wuta ba. Abin gudu shi ne bel, fanka, sandar sitiyari da gefen shasi mai kaifi. Inji na motsi kan kujerunsa, lagireto kuwa a kafe yake, sai a bar ɗan sassauci tsakani. Duk inda tiyo ya ratsa ƙarfe a sa masa riga ta tsohon tiyon ruwa da aka tsaga, a kama shi da maɗauri mai roba. Na sha ganin tiyo mai kyau da gefen ƙarfe ya ci a hankali: wurin yakan fara yin sheƙi, sannan zaren ciki ya bayyana fari, sannan ya fara gumi. Bayan an gama a murza sitiyari iyaka dama, iyaka hagu, wani na kallo. Sabon tiyo a wanke cikinsa da kananzir a hura, don yankan na barin garin roba. Wajen ɗaure kai a lagireto sifana biyu ake sawa, ɗaya ta riƙe wuyan, ɗaya ta juya.

Ranar tayarwa, cika lagireton da mai kafin a ɗaura tiyon ƙarshe. Cire buji huɗun, cire wayar koyil, a murza inji har allurar agogo ta motsa. Sannan a mayar, a tayar, a bar shi a tsaye ana duba mahaɗa huɗun da farar takarda. Kashe, jira minti biyar, duba sandar awo. Zai nemi ƙarin wajen rabin lita. Fita ka zaga har mai ya yi zafi, ka taɓa lagireton da bayan hannu a hankali. In ya ɗau zafi daga gefe zuwa gefe tamostat ya buɗe. Washegari da inji ya huce a sake bin kawunan da sifana.

Daga nan ka koma hanyar da ka yi awon farko, a irin lokacin, da irin gudun. Abin da aka saba gani ragin digiri 10 zuwa 20 ne, ƙarfin mai a tsaye kuma ya ɗago har fitila ta yi shiru. Duba allurar ruwa ma, za ta iya ɗan matsawa sama kaɗan, amma in ta yi nisa iska ce ba ta isa.

Sa ragar waya mai manyan idanu a gabansa, da ɗan tazara, saboda tsakuwa. Bayan damina fara da ƙaiƙayi da ƙarangiya suna cika saƙar, da hunturu kuma ƙura, musamman in akwai ɗan gumin mai da za ta manne. Wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, don injin wankin mota na kwantar da fukafukan. Duk canjin mai ka bi tiyon da hannu tun daga faifai har lagireto, in ya yi tauri ko ya fara tsagewa a canza. Ka ajiye asalin gajeren notin filta da sifanarsa da lita biyu na mai a but, don in tiyo ya ba ka matsala a hanya, cire faifan ka mayar da filta kan bulok aikin minti goma sha biyar ne.

Kafin kayan su iso, riƙe ta a kilomita 80 zuwa 85, ka yi tafiyar Tasawa da sassafe ko bayan la'asar. In kuma wata rana ka ci karo da giyar Spitfire mai obadirayib, kada ka bari ta wuce ka, don tana sauke juyin inji a kilomita 100 daga kusan 3,500 zuwa wajen 2,750, zafin da ba a haifar ba kuwa ba sai an nemi lagireton da zai kwashe shi ba.